Masu Ƙera wa Sojan Rum Kaya

A shekarar 1964, masu tonon kayan tarihi a Corbridge, wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, suka ci karo da ragowar wani akwatin katako mai ɗaurin ƙarfe. Sojojin Rum ne suka binne shi wajen shekara ta 122 zuwa 138 Miladiyya, ba su kuma waiwaye shi ba. A ciki akwai kawunan māsu an ɗaure su da igiya, da ƙusoshi, da kayan aikin sassaƙa, da allunan rubutu, sai kuma wasu curarrun fallayen ƙarfe da tsatsa ta manne su wuri guda. Waɗannan fallaye su ne ragowar sulken nan da duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Rumawa ya sani, mai ɗamarun ƙarfe jere a kan juna daga ƙirji zuwa ƙugu, wanda masana ke kira lorika segmentata.

Kafin wannan akwati, siffar sulken ce aka fi sani. Ana ganinsa a jikin ginshiƙin Sarki Tarajan da ke birnin Rum, wanda aka kammala a shekara ta 113, inda aka sassaƙa sojoji bila adadin suna gini suna yaƙi. To amma masassaƙin dutse bayan abu yake nunawa, ba ya nuna cikinsa. Don haka masana suka daɗe suna zaton a kan rigar fata ake jera fallayen a kafe su, masu yin fim kuma suka riƙa yanka sulken gaba ɗaya da fata suna shafa masa fenti. Wanda ya warware al'amarin shi ne H. Russell Robinson, ma'aikaci a taskar makamai ta Hasumiyar Landan, mutumin da bai tsaya ga karatu ba, yana riƙe masaba da hannunsa. Shi da Charles Daniels, wanda ya yi tonon, suka bi curin tsatsar nan falle bayan falle, suka gano babu wata rigar fata. Wasu siraran tsirkiyoyin fata ne ke saukowa ta ciki, an kafe kowane falle a jikinsu da ƙusa, shi ya sa sulken ke tanƙwaruwa idan mutum ya sunkuya, ya koma daidai idan ya miƙe. Robinson ya ƙera nasa, aka sa wa mutum, aka ga ya zauna. Littafinsa kan sulken daular Rum ya fito a 1975, kuma har gobe sunayen da ya raba wa kwalkwalaye su ne maƙera da masu saye ke ciniki da su.

Daga nan sana'ar ta samu gindin zama. A yau akwai mutanen da abincinsu ke nan: ƙera kayan sojan Rum don gidajen tarihi, da kamfanonin fim, da makarantu, da kuma ƙungiyoyin masu sha'awa da ke sanya kayan suna fareti a tsoffin sansanonin Rumawa. Mafi daɗewa cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce Ermine Street Guard ta Ingila, wadda ta samo asali a 1972 daga wani bikin tarihi na ƙauye a yankin Gloucestershire. A birnin Rum kuwa akwai Gruppo Storico Romano, masu fitowa duk shekara a bikin tunawa da kafa birnin, wanda ranarsa ita ce 21 ga Afrilu. Waɗannan mutane sun fi kowa wahalar sha'ani a wurin maƙeri, don sukan zo da hoton abin da aka tono, su ce ga wanda suke so, har da yawan ƙusoshin da ke jiki.

Mu fara da sulken fallayen, tun da shi ne fuskar sana'ar. Maƙeri ba ya taɓa ƙarfe sai ya auna mai kaya: faɗin ƙirji, ƙugu, tsawon da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Yakan yanka samfur da kwali tukuna, ya jera a jikin mutumin, ya rage nan ya ƙara can. Sannan a ɗauko fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya ko ɗan sama da haka a yanka. Ɗamarun ciki bakwai ne ko takwas a kowane gefe. Kowace sai an goge bakinta da magagari, wadda ke sama kusa da hammata da ta can ƙasa kuma a naɗe bakinsu don kada su yanki mai su. Ana lanƙwasa su ne a kan kututture ko bututu, da hannu da gudumar katako, kuma ba a yi musu zagaye sak, don jikin mutum ya fi faɗi ta gefe da gefe. Wanda ya lanƙwasa su zagaye ya ƙera ganga, mai sanyawa zai yini tana juya masa a jiki.

Sulken kashi huɗu yake rabuwa: rabin ciki na dama da na hagu, rabin kafaɗa na dama da na hagu. Abin da ke haɗa su shi ne ƙananan kayan tagulla, wato hinjina masu kunnuwa kamar ganye, da maɗaurai, da ƙugiyoyi, da madaukan da ake zura igiyar fata a ciki ta gaba da ta baya. A nan aikin ke cin lokaci. Yankan manyan fallayen ba ya wuce 'yan kwanaki, amma hinji guda sai an yanka tagulla, a ninka ta a kan waya, a fitar da haƙora, a huda, a goge, ga shi kuwa ana bukatar su da yawa. Kowace ƙusa ana zura ta ta cikin tagulla da ƙarfe da fata, a datse tsawonta, a bubbuga kanta a kan uwar maƙera har ya baje. Idan an matsa da yawa fata ta tsage, idan an yi sako-sako falle ya riƙa karkarwa. Gamammen sulke yakan kai kimanin kilo 9.

Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne yadda take mayar wa masana amsa. Masu tono sun daɗe suna tsintar guntayen hinji da karyayyun ƙugiyoyi a kusan kowane sansani daga Birtaniya zuwa bakin kogin Danub. Da 'yan ƙungiyoyin nan suka fara yini cikin sulken, suna gudu suna jifa da mashi, sai ga shi wuraren da ke karye musu su ne dai wuraren da aka tsinta a karye. Tagullar siririya ce, kuma inda ta haɗu da baƙin ƙarfe, gumi ya shiga tsakani, tsatsa takan ci wurin da sauri. Tsirkiyoyin ciki su ma gumi na ruɓar da su. Ke nan sojan Rum ya rayu cikin gyare-gyare, kuma sulken da ke cikin akwatin Corbridge kansa yana ɗauke da alamun faci. Haka kuma sai da aka sanya shi aka gane ba ya zama daidai a kan taguwa zalla: fallayen ƙirji sukan harɗe su buɗe giɓi, sai an sa wata riga mai cushe a ƙarƙashi ta ɗaga kafaɗu. Gyalen da ake gani a wuyan sojoji a sassaƙe-sassaƙe ma ba ado ba ne, duk wanda bakin ƙarfe ya goge wa wuya na awa ɗaya zai nemi nasa.

Wani masanin tarihi Bajamushe, Marcus Junkelmann, ya kai wannan gwaji ƙarshensa a 1985. Shi da 'yan tawagarsa suka sa cikakkun kayan sojan zamanin Sarki Agustus, suka taka da ƙafa daga Verona ta Italiya, suka haye duwatsun Alps har Augsburg ta Jamus, tafiyar kimanin kilomita 500, kowa da kayan da suka haura kilo 40 idan an haɗa makamai da guzuri.

Sai dai sulken fallaye bai taɓa zama na kowa da kowa ba. Wanda ya riga shi zuwa, ya kuma daɗe bayan an daina yayinsa, shi ne sulken zobba, wanda Rumawa suka koya daga mutanen Gol, ƙasar da ta zama Faransa a yau. Wannan kam Bahaushe ba ya bukatar a kwatanta masa. Shi ne sulken da barade ke sanyawa a hawan salla, kuma Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, a farkon ƙarni na 15, shi ya shigo da sulke da kwalkwali da lifidi. Saƙar iri ɗaya ce: kowane zobe yana riƙe da huɗu. Ta Rumawa, layi ɗaya zobba ne da aka huda daga falle ba su da baki, layi na gaba kuma na waya ne masu ƙusa. Mai yin sa zai naɗe waya a jikin sanda, ya yanka ta zobe-zobe, ya haɗa bakin kowane ɗaya a kan ɗaya, ya daddale wurin, ya huda, ya saƙala shi cikin maƙwabtansa huɗu, sannan ya sa 'yar ƙusar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba ya matse da awartaki. Zoben bai fi milimita 6 zuwa 8 ba, riga guda kuwa tana cin dubun-dubatarsu. Babu wata dabara a ciki sai haƙuri da ƙarfin ido. Shi ya sa kusan babu maƙerin Turai da ke iya yin sa ya sayar a farashin da mai sha'awa zai biya, aikin ya koma Indiya.

A garuruwa irin su Meerut da Dehradun da ke arewacin Indiya akwai masana'antun da ke ƙera kwalkwali da takobi da sulke na kowane zamani suna aikawa Turai da Amurka. Kamfanin Deepeeka na Meerut ya yi suna wajen kayan Rumawa. Yawancin waɗanda suka fara wannan sha'awa da kayan Indiya suke farawa, daga baya in aljihu ya yi nauyi su je wurin maƙeri ɗaya ya auna su. Ni ban ga abin raini a nan ba. Wasu kayan na can an gyara su bisa shawarar masana har sun kusa da na asali, ko da yake a kasuwar akwai na banza tuli, masu zobban da aka haɗa bakinsu kawai babu ƙusa, waɗanda in an ja da ƙarfi sai su buɗe. Sojan Rum ɗin kansa ma ai ba kayan sarauta ya sa ba. Abin da ake tonowa sau da yawa hudarsa a karkace take, adon gefe ɗaya bai yi daidai da na ɗayan ba. Har akan yi wa ƙwararrun maƙeran yau tsiya cewa aikinsu ya fi na Rumawa kyau, wanda a wannan sana'a aibi ne.

Kwalkwali shi ne inda ake gane gwani. Irin wanda Robinson ya sa wa suna na Gol na zamanin sarakuna, daga falle guda ake fitar da ƙoƙon kai da faffaɗar rumfar da ke kare ƙeya. Maƙeri zai ɗora fallen a kan kututture mai rami ya dinga bugu daga tsakiya yana zagayawa, sannan ya kifa shi a kan turken ƙarfe ya ci gaba ta baya. Bugu yana sa ƙarfe ya taurare, in aka ci gaba sai ya tsage, don haka kowane zagaye sai an mayar da shi wuta ya yi ja, a bar shi ya huce, a sake. Bayan ƙoƙo ya tashi a fito da wasu layuka masu kama da gira a goshi, waɗanda ke ƙara masa ƙarfi, a kafa wani ƙarfe a gaba mai tare saran da ya zo daga sama, a rataya marufan kumatu da hinji. Kunnuwa a buɗe ake barinsu, har da ɗan bakin tagulla a kewaye, don soja ya ji umarni. Mai neman sauƙi yakan yi ƙoƙon kashi biyu ya haɗa da walda ya goge, kuma daga nesa ba mai ganewa. Mai saye da ya san kan abin yakan juya kwalkwalin ya shafa cikinsa, yana neman sawun masaba.

Garkuwa kuwa aikin kafinta ce. Cikakkiya guda mai siffar rabin bututu da ta rage a duniya an same ta ne a Dura-Europos, a gaɓar kogin Furatu a Siriya, garin da ya faɗi wajen shekara ta 256. Tana Jami'ar Yale ta Amurka yanzu, tsawonta ya ɗan haura mita ɗaya, da zanen gaggafa a sama da zaki a ƙasa a kan jan fenti. Siraran fallayen katako ne hawa uku aka manne da gam, na tsakiya ya gitta na waje, kaurin duka bai fi rabin santimita da kaɗan ba. Masu yin ta a yau sukan gina wani lanƙwasasshen gado na katako, su shimfiɗa fallayen a kai hawa-hawa da gam ɗin fata, su ɗaure su bar shi ya bushe, sannan su lulluɓe da lilin ko fata, su ɗinke baki da ɗanyar fata ko su naɗe shi da tagulla. Ana huda tsakiya a gitta mariƙi a kwance, a rufe da ƙoƙon ƙarfe ta waje. Wata da aka samu a Fayyum ta Masar, wadda ta girme ta, ta fi tsawo da nauyi. Da aka ƙera irinta ta kai wajen kilo 10, a hannu ɗaya.

Takobi gajere ne, ruwansa kimanin rabin mita, da ƙotar ƙashi ko katako, kuma soja a dama yake rataya shi. Hafsan da ke jagorantar mutum 80 ne ke sa nasa a hagu, shi ne kuma tukkun kwalkwalinsa ke gittawa daga kunne zuwa kunne. Mashin jifa yana da dogon wuyan ƙarfe siriri a kan sandar katako. Ɗamara tana da faranta na tagulla da wasu tsirkiyoyi masu ƙusoshin ado da ke lilo a gaba.

Ba kasafai ake kula da baduku a wannan harka ba, alhali shi ke riƙe da rabin aikin. Fatar da ake so ita ce wadda aka jeme da ɓawon itace, irin jimar da majemanmu ke yi da bagaruwa, don fatar kamfani da aka jeme da sinadari tana miƙewa kuma tana sa ƙarfe tsatsa. Takalmin soja daga ƙirgi guda ake yanka samansa, a fitar da raga-raga na siraran igiyoyi da wuƙa mai kaifi, a ɗinke dunduniya, a haɗa da tafi hawa-hawa. Sannan a kafa ƙusoshi masu ƙullutun kai birjik a ƙasa, ana buga su a kan ƙarfe don tsininsu ya lanƙwashe ya koma cikin fata. A turɓaya da laka takalmin ba shi da na biyu. A kan daɓen dutse kuwa masifa ne. Wani marubucin zamanin, Josephus, ya ba da labarin wani hafsa mai suna Julianus da ya kori abokan gaba a yaƙin Kudus na shekara ta 70, sai ƙusoshin takalminsa suka zame a kan shimfiɗar dutsen haikali, ya faɗi, aka taru a kansa. 'Yan fareti na yau da suka taɓa shiga gidan tarihi mai daɓen tayil da irin takalmin sun san wannan labari a jikinsu. Tantin da mutum takwas ke kwana ciki shi ma aikin dukawa ne, yana cin fatun awaki kimanin 70, duk ɗinkin hannu.

Taguwa ita ce mafi sauƙin ɗinki, ita ce kuma ta fi jawo gardama. Ulu ne faffaɗa, kusan murabba'i, a ɗinke gefe a bar wuya da hannuwa, a tattare da ɗamara har ta tsaya saman gwiwa. Launinta fa? Masu fim sun riga sun sa wa duniya ja a ido. Cikin masana akwai masu cewa ja ce, akwai masu cewa farar ulu ce da ba a rina ba, kowane ɓangare da zanen bango da guntun ƙyallen da yake kafa hujja da shi. Ƙungiyoyi da yawa sun zaɓi ja, wasu don hujja, wasu don 'yan kallo ja suke jira. Akwai kuma abubuwan da 'yan kallo ba sa jira sam, amma gaskiya ne. A Vindolanda, wani sansani kusa da katangar Sarki Hadiriyan a Ingila, an tono wasiƙu a kan siraran allunan katako tun daga 1973, kuma ɗaya daga ciki tana sanar da wani soja cewa an aiko masa da safa da takalma da kamfai. Don haka wanda ya sa safar ulu cikin buɗaɗɗen takalminsa a sanyin Ingila ya fi wanda ya bar ƙafa tsirara bin tarihi.

A nan maƙeri ke tsaka mai wuya. Mai saye ya zo da hoton jarumin fim, yana son faffaɗan awarwaron fata a wuyan hannu, da sulken fata mai siffar tsokar ƙirji, da jan buroshi a ka. Awarwaron nan babu shaidar sojan Rum ya sa shi, masu shirya kayan fim ne suka ƙaga. Wasu maƙeran sukan ƙi, su ce a je gaba. Wasu su yi, don kuɗin mai son fim da na mai son tarihi duk ɗaya suke kashewa. A ƙasan kasuwar kuma akwai masu roba da gwangwani, irin kayan da wasu ke sanyawa a bakin Kolosiyam na birnin Rum suna ɗaukar hoto da baƙi don kuɗi, waɗanda hukumar birnin ta haramta wa wannan sana'a a 2015 saboda koke-koken matsa wa masu yawon buɗe ido. A ganina laifin ba ya ga mai yin kayan wasa, muddin ya kira shi kayan wasa. Inda abin ke ɓaci shi ne a rataya irinsa a makaranta a ce wa yara ga abin da aka sa.

Wanda ya zaɓi bin shaida kuwa bai taɓa gamawa, don ƙasa ba ta daina fitar da sabo ba. A 2018, a Kalkriese ta arewacin Jamus, wurin da masana da yawa ke ganin nan ne ƙabilun Jamus suka hallaka rundunoni uku na Rum a shekara ta 9, aka tono wani sulken fallaye kusan cikakke, wanda ya girmi na Corbridge da fiye da shekara 100. Fallayensa 30 ne, maɗauran fata da bakil ke haɗa shi, kuma ba shi da jerin fallayen da ke saukowa kan damtse. Duk ƙungiyar da ke kwaikwayon zamanin Agustus da sulke irin na Corbridge ta wayi gari kayanta sun yi wa zamaninta gaba, masu ƙera musu kuma suka koma yankan sabon samfur da kwali.